Zaren Hajja Kaltume

Wata Juma'a ce da hantsi, a tsakiyar shekarun sittin, ina 'yar shekara tara, zaren rosarin Mama, carbinta na addu'a, ya tsinke a hannuna a tsakar gidanmu na Ruwais, a Jidda. Mama tana bayan ɗaki inda iskar teku ke ɗan kaɗawa, tana jinyar ƙanena Yakubu da ƙyanda ta kwantar, ta aike ni in ɗauko mata rosarin a ƙarƙashin katifa. Na taho da gudu, ƙusar ƙofa ta kama zaren, ƙwayoyin suka watse a ƙasa suna gangarawa har gaban maƙwabciyarmu Hajja Kaltume, wadda ke zaune tana ɓarar gyaɗa.

Mu 'yan Katolika ne daga kudancin Zariya. Baba kuku ne a gidan wani Bature, mu kuma muna haya a gidan katako da langalanga tare da Hausawan Sudan, duk Musulmi. Da 'ya'yansu nake carafke da 'yar gala-gala, tare muke tare mai jakin ruwa mu cika randa, tare muke hura gawayi a kurfoti. Amma babu coci a garin, babu Fada, kuma manya suna ta raɗe-raɗin wani mutum da aka samu yana tara jama'a addu'a, aka sa shi a jirgin ruwa da rigar jikinsa kawai. Ban san ko gaskiya ne ba, na dai san Baba yakan ce, "Ba mu yi wa kowa ƙarya ba, amma bakinmu a rufe." Hoton Uwa Maryamu yana cikin gwangwani a ƙarƙashin garin kuka. Gicciyen rosarin kuwa Mama ta cire shi ta ɗinke a bakin zaninta, don wanda ya hango ya ɗauka carbi ne.

A lokacin kafilin Baba, mutumin da ya tsaya masa a ƙasar, ya matsa a sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, Mama kuma tsoro ya ishe ta, tana son mu koma gida, ga yaro kwance da ba zai iya doguwar tafiya ba. Ta rasa na zaɓa. Kullum da safe takan fito da hoton ta goge masa kuka da gefen zani, ta yi magana da shi kamar mai yi wa uwarta ƙorafi: "Uwa, ke ma kin yi gudun hijira da jariri a hannu. Ki roƙa mana Ɗanki ya nuna mana nufin Allah, mu zauna ko mu tafi."

Hajja Kaltume doguwar mace ce mai haƙorin Makka da kaifin baki, tana sayar da gyaɗa a kasuwar Bab Makka, tana kuma shirya wa mahajjata carbinsu idan ya tsinke. Ta dube ni ta ce, tana gauraya Hausa da Larabci, "Ya binti, ke kullum rawar kai kamar 'yar akuya! Yalla, maza tsince su ki kawo." Na tsince, ta ƙulle su a bakin gyalenta, ta ce sai gobe in ta dawo daga kasuwa. Da na faɗa wa Mama, ba ta dake ni ba, ta zauna ne a ƙasa ta dafe ƙirji. Carbin Musulmi talatin da uku-uku yake tafiya, namu kuwa goma-goma ne sau biyar, da manyan ƙwayoyi a tsakani da ɗan jela a ƙasa. Duk mai shirya carbi, yatsunta za su gane kafin idonta.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yini ba. Da masallatai suka tashi daga Juma'a, duk takun da na ji a lungu sai in ce mu aka zo kamawa. Mai ruwa ya buga ƙofa da sandarsa, na ɓuya a bayan randa har fitsari ya zubo mini. Baba ya dawo ya ji labari, ya jawo akwatin ƙarfe ya fara ninke kaya. Mama ta riƙe hannunsa ta ce, "Dakata. Na roƙi amsa, ga shi abin ya bar hannuna ya koma hannun matar nan. Abin da ta zo da shi, shi ne amsar."

Washegari da la'asar Hajja ta yi sallama, ta shigo ɗakinmu ta zauna bakin tabarma, ta kwance gyale. Ta shirya rosarin da baƙin zaren kamun kifi, goma-goma, kowace babbar ƙwaya a mazauninta, a ƙarshen jelar kuma ta bar ɗan madauki babu komai a ciki. Mama ta karɓa, hawaye ya zubo mata. Hajja ta ce, "Maman Yakubu, na zauna da irinku a Sudan, kin ɗauka ban san goma-goma ba? Wannan madaukin na abin da kika cire ne. Halas, ya isa, kar in ji kuka. Ki ci gaba da yi wa yaron nan addu'a, ni ma ina yi masa." Ta taɓa goshin Yakubu ta fita. Baba ya mayar da akwati ƙarƙashin gado, aka sabunta iƙama, Yakubu ya tashi, muka ƙara shekaru a gidan, ba wanda ya taɓa jin zancen a bakinta.

Yau ina zaune inda ƙararrawar coci ke tashe ni, jikokina suna rataya rosari a wuya su shiga kasuwa, ba su san ana ɓoye shi ba. Na Mama yana hannuna, gicciyen ya koma madaukinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne har muka bar Jidda ina kauce wa Hajja, ina sunkuyar da kai in na gan ta, ban taɓa zama kusa da ita na taya ta ɓarar gyaɗa ba. Ƙwayoyin sun goge, sun yi santsi, amma zarenta har yau bai tsinke ba.