Sarkin Katanga da Gurbin da Ya Bari

Bana shekara goma sha takwas ke nan da rasuwar yayana, wanda mutanen Gyadi-Gyadi suka sani da Auwalu Mai Hoto. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni banata lafiya ƙalau, alhamdu lillahi, amma dole in tuna, domin ya bar 'ya guda ɗaya, Ummi, kuma ta girma ta fara tambaya. Shekararta huɗu lokacin da ya rasu. Ta ce mini ba ta iya tuna fuskarsa ko kaɗan. Abin da ya maƙale mata a kai wani ƙadangare ne mai jar hula, shi take so ta sake gani, ni kuma ba ni da shi.

Bari in yi bayanin ƙadangaren, don wanda bai san Yaya ba zai ɗauka yarinyar mafarki ta yi. Kafin ya koyi ɗaukar hoto, zanen allon shaguna yake yi, kuma hannunsa bai taɓa manta burushi ba. Bayan ya buɗe ɗan shagonsa na hoto sai ya tsiri wani aiki da babu wanda ya sa shi. Yana so ya yi wa yara littafin labari wanda unguwarmu za ta fito a ciki yadda take, da kwatocinta da masu shayinta da awakinta, duk a hoton kyamara, amma jarumin labarin zane ne. Ƙadangare ne ƙato, tsawonsa ya kai na yaro ɗan shekara goma, da jar hula da babbar riga shuɗiya da lema a hammata. Ya sa masa suna Sarkin Katanga. Halinsa shi ne ya gyaɗa wa kowa kai, sannan ya yi abin da ya ga dama. Na sha gaya wa Yaya cewa kansa ya zana, ya ƙara wa kansa wutsiya kawai.

Yadda yake aikin shi ne ya ɗauki hoton mutum amma ya bar fili a gefensa. Idan an wanke hoton sai ya shimfiɗa wata leda mai kauri, wadda ake gani ta cikinta, a kansa, ya kama gefenta na sama da salatif. A kan ledar yake zana ƙadangaren da baƙar tawada, ya juya bayanta ya cike da fenti. Ka ɗaga ledar, sai ka ga mutum shi kaɗai. Ka sauke ta, sai ga Sarkin Katanga zaune kusa da shi kamar tare aka haife su.

Wahalar aikin duk a ido take. Dole wanda aka ɗauka ya kalli daidai inda fuskar ƙadangaren za ta zauna, in ba haka ba hoton ya lalace. Saboda haka Yaya yake kafa sanda a cikin bokitin yashi, ya ɗora mata hula, ya ce wa mutum ya yi hira da ita. Na ga dattijo mai shayi a bakin titinmu yana miƙa wa sanda kofi yana ce mata, "Bismilla, ranka ya daɗe," jama'a sun kewaye suna dariya har da riƙe ciki. Na ga mai kayan miya tana yi wa sanda ciniki, har ta yi fushin gaske. Wata rana na tambaye shi dalilin da ya sa wa ƙadangare babbar riga, alhali ba gadon sarauta ya yi ba. Ya ce, "Ke Binta, babbar riga ai rufin asiri ce. Da me kike so in rufe bokitin?"

Ƙananan yara ne kawai dabarar sandar ba ta ci a kansu. Yaro ba ya yi wa sanda dariya. Sai Yaya ya ce idan aka zo kan yaro shi da kansa zai tsuguna a gurbin, ya ƙanƙance murya ya yi maganar ƙadangaren, wani ya danna kyamarar, daga baya ya zana babbar rigar a kan kansa ya ɓace. Sau ɗaya tak ya kai ga yin haka, ni kuma ya ba kyamarar, lokacin na zo ganin gida daga Gusau inda nake aure. Da hantsi ne, a tsakar gidanmu, Ummi tana miƙa masa ƙosai. Ya yi mini faɗa cewa hannuna yana rawa, na ce to ya tashi ya ɗauki kansa. Da ya gama zanen ya nuna wa Ummi, sai ta yi ta tsalle tana neman ƙadangaren a bayan randa.

Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya ɗauki rabin Tarauni hoto, daga suna zuwa biki zuwa saukar karatu, bai yarda a ɗauke shi ba. Hotonsa guda da muka sani shi ne na katin shaida, wanda hatimi ya cinye masa haɓa. Kuma taurin kansa bai bar shi ya ba wa kowa ko ɗaya daga cikin hotunan ƙadangaren ba. Duk wanda ya roƙa sai ya ce a bari littafi ya fito. Yana tara su a cikin wani kwali a ƙarƙashin gado, yana jiran ranar da zai kai maɗaba'a. Zazzaɓi na 'yan kwanaki ya riga ranar zuwa.

Ina wankan jego a Gusau aka aiko mini da rasuwar, ban samu isowa ba sai bayan sadakar bakwai. Abin da ya faru a waɗannan kwanaki, daga baya na tsince shi a bakin matan gida. Ƙanen mahaifiyarmu, Kawu Sale, mai sayar da tayoyi a Unguwa Uku, shi ya ga kwalin. Ya samu Inna a ɗaki tana cikin zafin rashin ɗa, ya ce mata ya ji ana cewa masu zanen abu mai rai suna da hisabi mai tsanani, kuma muddin zanen nan yana nan yaron ba zai samu sauƙi a kabarinsa ba. Ya ce hotunan kyamara babu laifi a ajiye, zanen ne abin tsoro. Matar Yaya tana cikin takaba, ba ta da bakin magana. Inna kuwa abin ya zame mata ƙadangaren bakin tulu. In ta ƙone, ta ƙone aikin ɗanta. In ta bari, an ce tana ƙara masa nauyi. Wace uwa ce za a gaya wa haka ta yi barci? Ta ɗauki kwalin ta zauna a gaban murhun da ake dafa abincin 'yan zaman makoki, tana ɓare ledojin ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a wuta, tana mayar da hotunan cikin kwali. An ce warin ledar ya kwana biyu bai bar gidan ba.

Da na zo na buɗe kwalin, sai na tarar da unguwa guda ta haukace. Ga mai shayi yana yi wa sanda ladabi, ga mai kayan miya tana faɗa da bokiti. Na zazzage kwalin ina neman hoton da na ɗauka na Ummi da ƙosai, ban gan shi ba. Na ce a raina ya bi ledarsa cikin wuta. Ban tambayi Inna ba, don duk wanda ya ga idonta a lokacin ba zai ƙara mata da tambaya ba.

Ni ba malama ba ce, kuma ba fatawa na zo bayarwa a jarida ba. Daga baya na tambayi waɗanda suka yi karatu, na tarar magana ce mai faɗi, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta, musamman a abin da aka yi don koyar da yara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaggawar. Mako ɗaya kacal da an jira, a tambayi wanda ya sani, da ko an ƙone ɗin ma an ƙone da ilimi. Amma aka ɗauki maganar da aka jiyo a bakin shago aka kai wa uwa mai kuka. Ban taɓa jin haushin Inna ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma na daɗe ina gaishe da Kawu Sale da baki kawai.

Yau kuwa ina za ka juya ba ka ga abin da Yaya ya so yi ba? Tallan sabulu a talabijin, mace ta gaske tana hira da kumfa mai ido da baki. Yarinya ta ɗauki kanta a waya, ta danna sau biyu, sai ga zanen mage a kafaɗarta. Ranar Sallar da ta wuce na je gaishe da Kawu, na tarar jikokinsa sun cika falo suna kallon zanen dabbobi masu magana da Turanci, shi kuma yana kishingiɗe yana taya su dariya. Na kasa haƙuri na ce, "Kawu, ashe yanzu an halatta?" Ya dube ni ya ce, "Binta, har yanzu ba ki bar maganar nan ba? Wallahi alheri na nufe shi da shi." Na san gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya sa abin ya fi ciwo, don babu mugun da zan ɗora wa laifi in huta.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Na san zai fara da gyaɗa kai, sannan ya kushe. Zai ce zanen yana nan amma idon mutanen ba ya kansa, kowa kyamara yake kallo. Zai tambaya ina aka baro kwatar Gyadi-Gyadi da akuyar maƙwabta, da yaranmu suke dariya da dabbobin da ba su san ɗanwake ba. Bayan ya gama mitar kuma na tabbata zai karɓi wayar wani ya ƙi mayarwa sai ya gano yadda ake yi.

Watannin baya Ummi, wadda yanzu take karatun aikin jinya, ta ja ni wani shagon masu aikin kwamfuta a Tarauni da hoton mai shayi a hannunta. Ta ce in siffanta musu ƙadangaren su mayar da shi gurbinsa. Na yi iya ƙoƙarina: jar hula, shuɗiyar riga, lema. Mai shagon ya yi haƙuri da mu ƙwarai, ya fitar mana da kala-kala. Duk sun yi kyau, sumul kamar 'yar tsanar kanti, kuma babu Sarkin Katanga a cikinsu. Na Yaya yana da wani karkataccen baki na wanda ya ci bashin dariya, wanda na gane da ido amma harshena ya kasa faɗa. Ummi ta dube ni ta ce, "Gwaggo, shi ne?" Na ce a'a. Muka hau adaidaita muka dawo gida.

Inna tana nan da ranta, ta tsufa, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Ta ji muna maganar a tsakar gida, sai ta kira Ummi ɗaki, ni ma na bi. Ta sa aka sauko mata da wata tsohuwar kwalla daga saman kabad, ta zaro wani ƙyalle a ƙarƙashin turarukan wutarta, ta warware. Hoton da na ɗauka ne. Ga Ummi ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa da ƙosai a hannu, ga Yaya tsugune a gabanta da singileti, ya wage baki zai karɓa, idonsa duk dariya.

Inna ta ce, "Shi ne na ƙarshe a kwalin. Na ɓare na jefa, sannan na duba hannuna, sai na ga ɗana. Da shi na fara ɗagawa, wallahi da ban ƙone ko ɗaya ba." Ta ce kunya ce ta hana ta nuna wa kowa, don duk wanda ya gani zai tuna abin da ta yi. Shekara goma sha takwas tana buɗe shi ita kaɗai, har idon ya daina gani sosai, ta koma shafawa.

Ummi ta daɗe tana kallon hoton. Can ta ce, "Ashe shi nake ba wa."

An ce in ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau. Na yarda, kuma na gode wa Allah da tulun. Amma ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa na daina kewar ruwan ba. Littafin bai fito ba kuma ba zai fito ba. Yaran Gyadi-Gyadi ba su san an taɓa yi musu sarki mai wutsiya ba, kuma yawancin waɗanda suka yi hira da sandar nan sun bi Yaya. Abin da ya rage shi ne kwali ɗaya na mutane masu kallon gurbi, da yarinya da ta samu fuskar ubanta ta rasa abin da ya zana mata. Allah Ya jiƙan Auwalu, Ya sa kabarinsa ya fi yadda Inna ta so masa sauƙi, ita kuma Ya ba ta ladan niyyarta.

Yanzu hoton yana wurin Ummi. Da ta kai a saka mata shi a gilashi, mai aikin ya ga wani ɗan jan tabo a saman kan Yaya, bai kai ƙwayar gero biyu ba, inda fentin hular ya kama takardar tun ranar da aka zana. Ya ɗauko ƙyalle zai goge. Ummi ta riƙe masa hannu ta ce, "Malam, bar shi. Ba datti ba ne."