Sunan da Aka Hana Ni

A shekarata ta uku a Riyad aka kai ƙarata. Ina aiki a sashen yara na wani asibitin koyarwa, an ba ni ɗaliban likitanci shida, ni kuma ina koyar da su yadda aka koyar da ni a gida: tsawa a gaban majinyaci, tambaya kan tambaya har sai mutum ya manta sunan kakarsa. Haka aka gasa mu, kuma a ganina gata nake yi musu.

Sai ga takarda daga kwamitin sauraron koken ɗalibai. Saura wata uku a sabunta kwantiragina, iƙamata kuwa, wato takardar izinin zama, a hannun asibitin take, haɗe da ta maiɗakina da 'ya'yana biyu. In aka ƙi sa hannu, sai mu tattara mu koma gida yara suna tsakiyar karatu. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma tsoron ya fi ɓacin ran yawa.

Dabarar gida ce ta faɗo mini. Na ja mota har unguwar Sulay wurin wani dattijo ɗan garinmu mai gadin sito, wanda duk rigimar da ta taso tsakanin mutanenmu shi ake kira. Muka tsara in samo sunan ɗalibin, mu sayi turare da dabino, mu je wurin mahaifinsa mu ba da haƙuri, magana ta mutu. Har babbar rigarsa dattijon ya kai guga.

Shugabar kwamitin wata dattijuwar likita ce 'yar Sudan. Da na je ofishinta, ta zuba mini gahawa, ta saurari shirina har ƙarshe. Ta ce niyyar mai kyau ce, amma ba za ta ba ni suna ba, tunda ni zan ba yaran maki, kuma ranar da aka ga malami a ƙofar gidan mai koke, babu ɗalibin da zai ƙara rubutawa. Na hau musu, ina kawo tarihin malamanmu na gida. Ta buɗe fayil ta karanta mini layi biyu kawai. Wata safiya na rubuta wa wani jariri magani fiye da kima, mai koken ya gani, ya kasa buɗe baki a gabana, sai da na wuce ya raɗa wa nas, ita ta biyo ni na gyara.

Na tuna safiyar sarai. Da na so, da na tambayi nas ɗin wanda ya yi mata raɗar. Kunya ta hana ni.

Wata biyu shugabar tana bin mu zagayen majinyata, tana tsaye can baya hannu a aljihu. In an watse ta nuna mini inda na katse ɗalibi da inda na yi masa dariya. Yin shiru bayan na jefa tambaya ya fi mini kowace jarrabawa wuya, harshena har ƙaiƙayi yake.

Ranar da ta sa hannu a takardar sabuntawa na yi ta zuba godiya, ta ɗaga mini hannu.

"Ba ni za ka gode wa ba, Duktur. Mun tambayi mai koken me yake so a yi maka. Ya ce kada a taɓa aikinka, babu wanda ya kai ka iya koyarwa. Shi dai so yake in ya ga kuskure ya iya faɗa maka."

Washegari na tsaya gaban su shida, na dube su ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu akwai wanda na tsorata har ya kasa magana, shi ne kuma ya roƙa a bar mini aikina. Har yau ban san ko wane ne ba, don haka in na ɗaga hannu addu'a sai in haɗa su duka.