Taku Talatin da Biyu na Don Evaristo

Kafin motar burodi ta wuce, Don Evaristo Zepeda ya riga ya buɗe ƙofar tsohuwar maƙabartarmu ta yammacin San Antonio, tsintsiya a hammata, kofi a gwangwani. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan zai miƙa mabuɗi, gwiwa ta ce ta gaji.

Shara da cirar ciyawa kowa ya gani. Aikin da ba a gani ba shi ne na ashirin da ɗaya ga Afrilu, ranar da aka gwabza a San Jacinto, Texas ta ɓalle daga Mexico. Shekara talatin na yi ina karantar da yara cewa Turawa ne suka ci wannan yaƙi, don haka littafi ya ce. Littafin bai ce akwai namu, Tejano, wato 'yan Texas masu asalin Mexico, a sahun ba. Bai ce sai da suka maƙala farin kwali a malafunsu ba, don kada abokan yaƙinsu su dubi fuskarsu su zaci sojojin Mexico ne su harbe su. Aka ci yaƙi, aka cire kwali, fuska ta rage. Gonakinsu kuwa, ku tambayi masu zaune a kansu yau.

Huɗu daga cikinsu suna kwance a wurin Don Evaristo. Gicciyensu na katako ya ruɓe tun kafin a haife shi. Abin da ya rage magana ce da mahaifinsa ya bar masa: ka jingina baya da tsohuwar bishiyar ƙaya, ka fuskanci gabas, taku talatin da biyu, ga na farko, sauran na jere da shi. Duk shekara sai ya yanka farin kwali huɗu, ya rubuta sunayensu, ya taka, ya kafa.

Bana muka raka shi, ni da matarsa Doña Casilda. Ya ƙirga, ya tsaya, ya sunkuya da ƙyar ya kafa.

"Tsoho," in ji Casilda, "yaushe Bajamushen nan mai gidan burodi ya je yaƙi?"

"Wane Bajamushe kuma?"

"Wanda ka kafa wa kwali a ƙafafu. Ga dutsensa nan da sunansa."

"Talatin da biyu na ƙirga! Malama, ba ki ji ba?"

Na ce na ji.

"Ƙirgarka lafiya lau take," in ji Casilda. "Ƙafar ce. Da kamar doki kake tafiya, yanzu kamar mai tallar ƙwai."

Muka yi dariya, har da shi. Sai ya waiwaya ya dubi bishiyar, ya dubi ƙafafunsa, dariyar ta ɗauke. Ashe takun ya daɗe yana gajarta. Bara ina ya kafa? Bara waccan fa? Yaushe rabon da kwali ya sauka kan mai shi? Bai sani ba. Ɗansa, wanda ya gaji tsayinsa, yana Dallas, ya ce sai Kirsimeti. Bishiyar kuwa an shafa mata jan fenti, a watan Yuni za a sare ta a faɗaɗa titi.

Ana cewa tarihi ba ya mantuwa. Ƙarya ce. Mutum ɗaya ke tuna masa, mutum kuwa gwiwa gare shi.

Kai ne wannan mutum, Evaristo. Kai ne kwalin ƙarshe da ya rage a malafarsu. Ka riƙe amanar da ba wanda ya zo karɓa, ba ka taɓa tsallake shekara ba, ko shekarar da aka yi maka aikin ido. Mun gode maka, mu da muka bar ka da ita kai kaɗai.

Ku kuma masu karatu, ba abu mai wuya ake nema ba. Mutum ɗaya mai tsayi da lafiyar ƙafa, ya zo ranar Asabar da safe, ya jingina baya da bishiyar ya taka, tun tana tsaye. Makon jiya na sanar da haka a coci. Da Asabar ta zo, mu uku muka je, kowa yana dogara sandarsa.