Safiyar da Inna ke sayar da koko

Ina shekarar ƙarshe a karatun tafiyar da kamfanoni a Parakou aka ce kowane ɗalibi ya nemi inda zai yi sitaj, wato ya zauna a wani kamfani ya ga yadda ake aiki, ya rubuto abin da ya kamata a gyara. Ni da ko tambaya ba na iya yi a aji, ban ga ofishin da zan shiga in roƙa ba. Sai na koma Djougou wurin kawuna, mai magaza, wato babban ɗakin ajiyar kaya, wanda ke rarraba shinkafa da sukari da man girki ga masu shagunan ƙauyuka.

Abin da na fara lura da shi jira ne. Mabuɗin magaza a aljihun Kawu yake kwana, shi kuma ba ya isowa sai ya gama gaishe-gaishen unguwa. Masu shaguna da ƙafarsu suke zuwa su faɗi abin da suke so, sannan a fara lodi. Motar da ke kai kaya Kolokondé ba ta tashi sai rana ta take. Kafin nan direbobi da 'yan dako da masu saye duk suna gindin mangwaro, sun kewaye Inna, matar wani direban Kawu da ya rasu. Da koko da ƙosan da take sayarwa a wurin take riƙe da kanta.

"Madam direktiris, zo ki rubuta ƙosai nawa na ci!" wani direba ɗan Nijar yakan ce da ni cikin zolaya, wai ni ce shugabar kamfani.

"Ƙyale min ɗiya," in ji Inna. "Da ka yi bokon, da ba ka nan kana suɗe min ludayi." Sai ta miƙo min koko mai zafi, ni kuwa in sunkuyar da kai.

Shawarar da na kai wa Kawu ba ta da wuya: masu shaguna su aiko da saƙo ta waya tun ana gobe za a kai kaya, a yi lodi bayan la'asar, a ba babban ma'aikaci mabuɗi. Ya dube ni ya ce, "Mabuɗin nawa?" Ya yi kwanaki bai sake zancen ba, daga baya ya yarda.

Abin ya yi kyau. Motoci suka riƙa tashi bayan asuba, su dawo da wuri har a sake wani sawun. Malamaina suka yaba rahoton. A ciki na kira zaman gindin mangwaro lokacin da ke tafiya a banza. Inna ba ta fito ko a layi ɗaya ba, tunda ba ma'aikaciya ba ce, alhali kokonta nake sha ina rubutun.

Da na zo hutu na tarar da filin fayau da safe. Inna na zaune ita kaɗai da 'yar ƙaramar tukunya, ƙosai ya huce a faranti. Ta gwada tasha, amma kowane lungu da mai shi. Ta gwada dafa wake da yamma, 'yan dako kuwa gida suke sauri.

Na sami Kawu na yi masa maganar Inna.

"Na ce ta riƙa ɗaukar abinci a magaza duk wata," ya ce. "Ta ce hannunta bai mutu ba. To ɗiyata, in dawo da mutane su zauna su jira ne?"

Ban ce a dawo da su ba. Na san ba zan ce ba.

Kafin hutun ya ƙare ta haɗa kayanta za ta koma Partago, gidan ƙanenta. Na je sallama da kalmomin da na shirya tun a hanya. Ta riga ni.

"An ce ke kika gyara wa kawunki Alhaji aiki? Allah Ya yi albarka. Mijina ya sha cewa wannan jiran zai kashe motoci."

Na ce amin. Na taya ta ɗaure tabarmi. Kaskon suyar ta bar wa wata maƙwabciya, ta ce inda za ta babu masu saye, sai masu ci.