Gaisuwar Suruki a Layin Zaɓe

Shekarar da takin gwamnati ya ɓace a ƙauyenmu, ni ne mai baki. Ina koyarwa a firamare, ina da 'yar gonar masara a kan hanyar Badafi, ina kuma da rediyo, don haka gani nake na fi kowa sanin inda ƙasa ta dosa. An ce gwamnati tana janye tallafi, kowa ya ɗaure ciki. To, mun ɗaure. Kananzir ya hau, gishiri ya hau, sabulu ya zama abin yankawa gida uku. Takin zamani kaɗai ya rage ana kawo mana da rangwame. Da idonmu muka ga mota ta sauke shi a sito, da aka zo rabo kuma aka ce ai ya ƙare. Bayan mako guda na ga buhunan a kasuwar Dangora, da tambarinsu da komai, a kan kuɗin da ba mai iya taɓawa.

Makullin siton yana hannun kansilanmu. Ba wanda ya tambaye shi, sai ni, a ƙofar masallaci bayan Juma'a. Ya yi murmushi ya ce malaman makaranta akwai son tambaya. Tun daga ranar na ɗauki abin da zafi.

Da bazara ta zagayo aka ce za a yi zaɓen ƙananan hukumomi, irin wanda muke kira ƙato bayan ƙato. Babu akwati, babu ɓuya. Za a kafa hoton ɗan takara, mai sonsa ya tsaya a bayansa da rana tsaka, a ƙirga kawuna. Kansilan yana neman komawa, wani tela mai haƙuri ya fito yana karawa da shi. Na shiga gida-gida ina yi wa telan yaƙi, ba don na san zai iya ba, sai don haushi.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne maƙwabcin gonata. Dattijo ne mai 'ya'ya da yawa, ba shi da saniya ba shi da jaki, ƙasarsa ta gaji, in babu taki babu tuwo. Ya ce shi tsoro yake ji, duk wanda aka gani a layin tela ba shi ba taki har abada. Sau uku ina komawa. A na ukun na dafa ƙirji na ce masa, "Ni zan tsaya a gabanka. In suna za a rubuta, nawa za a fara rubutawa." Sannan ne ya ce Allah ya kai mu.

Akwai mutum ɗaya da ban je wa ba, surukina, mahaifin matata. Shi da kansila sahu ɗaya suke sallah tun suna samari. Bai taɓa ce mini uffan ba, suruki ba ya irin wannan magana baki da baki. Saƙo dai ya riƙa zuwa ta hannun matata: Baba ya ce a riƙa sassautawa, Baba ya ce ya ji ana maganar tura malamai makarantun cikin daji. Hedimasta ma ya faɗa mini haka, yana kallon allo maimakon fuskata. Na ce su tura ni bayan dutsen Doguwa in sun ga dama.

Ranar zaɓe na yi kuskuren da har yau nake jin zafinsa. Al'adata ce kowace safiya in biya ƙofar gidan surukina in gaishe shi kafin in wuce. Ran nan na bi ta bayan gari, don kada ya ce mini wani abu in kasa musawa. Gani nake dabara na yi.

A filin makarantarmu aka yi. An manna hotuna biyu a jikin darbejiya biyu, tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Mata suna can gefen azuzuwa da nasu layukan. Tun hantsi aka duba katunan mutane, aka bar mu muna gasuwa, har Fulanin da suka baro shanu suka fara maganar komawa. Wajen azahar malamin zaɓe ya hau benci ya yi shela: kowa ya shiga layi, kuma duk wanda ƙirga ta iso ba ya tsaye a cikin layi, ba shi a lissafi. Ɗan sanda ɗaya yana kaiwa da komowa da kulki. Wani ɗan'uwan kansila ya jingina da bango, riƙe da littafin rubutu irin na ɗalibaina, yana duban layinmu yana rubutu a hankali.

Na tsaya, maƙwabcina a bayana, ina jin numfashinsa a wuyana. Layinmu bai kai nasu ba, amma ya fi yadda kowa ya zata, har na ga kansila ya daina murmushi. Mutanen da suka ci tuwo kwano ɗaya jiya, yau kowa yana kallon ƙeyar na gabansa.

Can na hango surukina a layin kansila, kusa da gaba. Na sauke kai. Da na sake ɗagowa sai na ga yana ba na bayansa hanya, ɗaya bayan ɗaya, yana ja da baya kamar mai neman inuwa. Malamin zaɓe ya fara da layinmu, yana dafa kafaɗa yana faɗar lamba da ƙarfi, wakilan 'yan takara biye da shi. Kafin ya kai mutum na ashirin, surukina ya zo daidai da ni.

"Malam," in ji shi, ba tare da ya ɗaga murya ba, "yau ba mu gaisa ba."

Ban san lokacin da na tuɓe takalmi ba. Ƙafafuna suka yi abin da suka saba tun ranar da aka ba ni 'yarsa: na fita taku biyu, na durƙusa a gabansa, kaina a ƙasa.

Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya. Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har da yaronmu mai tari ko ya samu sauƙi. Ya tambayi ƙafar mahaifiyata. Ina amsa lafiya lau, lafiya lau, kunnena yana wajen lambobin da ke matsowa. Mutumin da gaisuwarsa ba ta wuce kalma huɗu, ran nan har akuyar da ya ba mu sai da ya tambaya ko ta haihu.

Daga bayana na ji muryar maƙwabcina, ƙasa-ƙasa: "Malam, sun iso."

Taku biyu ne kawai. Na sani, kuma ba zan yi wa kaina ƙarya in ce ban sani ba. Amma in miƙe dattijo yana cikin magana, a gaban gari duka, in juya masa baya? Gwiwoyina suka ƙi. Na ji an faɗi lambar na gabana, na ji tafin hannu ya sauka a kafaɗar maƙwabcina da lambar da ya kamata ta zama tawa.

"To madalla," in ji surukina. "Allah ya yi albarka. A gaida gida."

Kansila ya koma, kuma ba da ratar ƙuri'a ɗaya ba, don haka ba ni na kayar da tela ba. Na sha faɗa wa kaina wannan. Ba a tura ni daji ba. Da na huce haushina a kan matata, sai ta ce Baba ya ga littafin nan na rubuta sunaye tun safe, shi jikokinsa yake dubawa. Har surukina ya rasu, ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Da ruwa ya sauka aka yi rabon taki. Maƙwabcina ya wuni a bakin sito, aka ce ba a ga sunansa ba. Ni ko zuwa ban yi ba, buhu biyu suka iso ƙofar gidana a kan jaki. Na yi niyyar mayarwa. Kwana biyu suna zaure, a na uku na ɗauki ɗaya na kai wa maƙwabcina gona.

Ya dubi buhun, ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ya yi. "Bar shi, Malam," ya ce. "Ai sunanka aka rubuta a kai."

Na dawo da shi, na zuba duka biyun. Masarata ta yi baƙi ƙirin don kyau, tasa ta tsaya iya gwiwa, rawaya, iyaka ɗaya ta raba mu. Duk daminar nan ta bayan gari nake zuwa gona, don kada mu haɗu a hanya.