Alewar da Na Ƙwace a Hanyar Salka

In kuna neman wawa a labarin nan kada ku wahalar da kanku, ga ni. Masu bibiyar shafin nan sun ishe ni da tambayar yadda tafiyar Salka ta kaya, na kuma san wasunku sun riga sun ji a tasha an ƙara gishiri. To ku saurara daga bakin mai abin.

Ɗan ƙanwata ne, mai gyaran waya, ya ga yarinya a Salka ya ce ita yake so. Kafin a kai gaisuwa sai an binciki gida, kamar yadda aka saba. Ana cikin haka magana ta iso mana cewa uwar yarinyar sana'ar alewa take yi, da dakuwa da tuwon madara, kuma wai direbobin hanyar Auna ba sa wuce ƙofarta sai sun taka burki. Wata maƙwabciya ta rage murya ta ce ai yanzu tabar wiwi ake dafawa cikin irin waɗannan kayan zaƙi, shi ya sa wanda ya ɗanɗana ba ya iya haƙuri. Ƙanwata ta dafe ƙirji ta ce in haka ne an fasa auren. Yaro ya daina cin abinci. Aka duba dangi kaf ba a ga wanda ya kai ni ido ba, ni da na yi firamare har aji huɗu. Wato dai ni na duba, ni na ga haka.

Ana sallame asuba muka nufi tashar garinmu, Kontagora, ni da wani aminina mai ciwon suga, wanda na ɗauka don ya zama shaida. Kuɗin mota ya tashi yadda sai da na sa ɗan kamasho ya maimaita, ko Makka za a kai mu. Ya ce in tambayi gidan mai. Motar irin wadda ake ɗaure ƙofarta da igiya ce, an danna buhunan taki a baya, an ɗora kaji a sama, mu kuma aka cusa mu a tsakiya.

Damina ta ja da baya amma ta bar wa hanya ramuka, wani in mota ta faɗa sai kowa ya yi salati. Dawa ta yi kai dama da hagu, wake ya baje, Fulani na kaɗa shanu ta gefen gonaki suna kaffa-kaffa. A shingen 'yan sintiri aka leƙa fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Ni ma na leƙa tasu, don ranar ban yarda da kowa ba. Mai masara ta miƙo ta taga, na ƙi. Mai ƙosai ta zo, na shinshina na mayar mata, ta bi ni da harara. Aminina ya ce in na ci gaba a haka yunwa za ta riga wiwi kashe ni.

Kusa da ni akwai wani saurayi fes da shi, farar riga, tabarau, agogo. Da zai shiga sai da ya rusuna ya gaishe ni, ya kuma matsa ya ba ni wuri. Na ce a raina ga ɗan mutunci, da ganinsa ka ga ɗan boko irina. Can na lura yana zaro wani abu daga jaka a fakaice yana kaiwa baki. Alewa ce, launin ƙasa, an naɗe kowace a takarda mai ƙyalli. Kun san tsakanin tsoho da sa'an jikansa ba a neman izini. Na ce, "Kai, marowaci! Kakanka na zaune kana ci kai kaɗai?" Na kai hannu na damƙo guda uku.

Yaron ya zabura. "Baba, don Allah kawo. Ba irin taku ba ce, ni nake haɗa abata a gida."

"Ai ta gida na fi so," na ce, na ɓare biyu na watsa a baki, ɗaya na jefa aljihu. Tana da zaƙi, da wani ɗan bauri a ƙarshe kamar an ƙona ciyawa, na ɗauka sukari ne ya kama tukunya. Na miƙa wa aminina ya ce likita ya hana. Yaron ya dube ni, ya dubi direba. Ƙauye na gaba ya ce a sauke shi, alhali ya biya kuɗin Auna. Na ce wa aminina, "Ka ga yaran yanzu, a kan alewa ya yi fushi." A nan aka gama da ni, jama'a, ni kuwa ina gyara hula ina shirin kama mai laifi.

Muka isa Salka da hantsi. Kasuwar hatsi ta fara cika, ana awo ana ciniki, Hausa kala-kala, ta Kambari daban, ta Fulani daban, kowa na jan tasa. Mun shirya za mu ce masara muka zo tayawa, amma uban yarinyar, wani dattijo manomi mai sanyin magana, kallo ɗaya ya yi mana ya gane. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo ruwa a kwanon sha, aka biyo da faranti cike da dakuwa da tuwon madara. Ruwan kawai na kurɓa. Farantin na ture shi gefe da ɗan yatsa. Dattijon ya gani, na kuma san ya ji ciwo.

Na nemi a bar ni in gaisa da uwargida. Muka same ta a tsakar gida, mace kakkaura, tana juya madara a babbar tukunya da muciya, zufa na zuba. Idona ya sauka kan wani ganye da aka shanya a tabarma. Na tsuguna na murza na kai hanci.

"Hajiya, wannan fa?"

"Zogale ne, Baba. Ko a Kontagora ba a miya da shi?"

Na yi murmushin manya, irin na wanda ba a yi wa wayo. Na leƙa madafa, na buɗe wani tulu, na ɗaga murfin kwano. Tana kallona, muciyarta ba ta tsaya ba.

Muna komawa zaure abin ya taso. Da farko ƙafafuna ne suka yi nisa, kamar na aro su. Sai maganar dattijon ta dinga zuwa a hankali, kafin ya kai ƙarshen zance na manta farkonsa. Wani zakara ya tsaya a bakin ƙofa ya karkata kai yana dubana da ido ɗaya, na rantse a raina turo shi aka yi. Dattijon na ba da labarin yadda tsutsa ta ci masa masara bara, ni kuwa sai dariya ta ƙwace mini, har da hawaye, har da dukan cinya. Aminina ya taka mini ƙafa, na ƙara ƙyaƙyacewa.

Sannan yunwa ta zo, irin wadda ban taɓa ji ba ko a azumin bazara. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuɓewa. Kowa ya san wanda ya je gidan da ake neman aure loma biyu yake yi ya janye hannu. Ni na share kwanon, na jawo na aminina, na suɗe, sannan na waiwayi farantin nan da na ture na cinye shi tas. Na tambaya ko akwai ƙanzo.

Da cikina ya cika sai tsoro ya shigo. Na ce lallai an gama da ni, kuma a gidan nan aka yi. Na miƙe da ƙyar na dafa bango, na ɗaga murya yadda masu wucewa suka tsaya.

"Na gano ku! Tun a ruwan nan kuka zuba mini. Abin da ake faɗa gaskiya ne, wiwi ake dafawa a gidan nan!"

Uwargidan ta fito da muciya a hannu, mata sun taru a bayanta. Dattijon ya sunkuyar da kai. A garin da kowa ya san kowa, kalma irin wannan in ta fita ƙofa, sana'ar matar ta mutu, kuma ba ɗan ƙanwata kaɗai zai gudu daga 'yarta ba. Ihuna ya firgita wata 'yar jikarsu da ke rarrafe, ta fashe da kuka. Ni kuma, da ragowar halin kakanni, na laluba aljihu na zaro alewar da ta rage na ɓare zan sa mata a baki.

Matar ta buge hannuna da muciya. Har yau wurin na yi mini tsami. Ta tsinci alewar ta karya ta shinshina, ta miƙa wa mijinta, shi ma ya shinshina ya miƙa wa na kusa da shi, har ta zagaye zauren.

"Baba, ina ka samo wannan?"

Aminina ne ya ba da amsa, tiryan-tiryan, har da yadda yaron ya roƙe ni in mayar. Wani direba cikin 'yan kallo ya ce ya san irinta, samari ke yi a ɗakunansu suna sayar wa junansu, kuma rabin guda ma kan kwantar da ƙato. Ya tambaya nawa na ci. Da aka ce biyu sai ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Irin wannan ce ta ɓata mana suna," in ji matar. "Ni madara da sukari nake juyawa tun ina budurwa. Yau ga wanda ya zo bincikena zai sa wa jikata ita a baki."

Abin da ya biyo baya labari aka ba ni. Wai an kira mai kemis ya duba ni ya ce a bar ni in yi barci, a yi ta ba ni ruwa. Wai na yi wa zakaran nan nasiha mai tsawo kafin in kwanta. Na farka washegari a zauren mutanen da na zaga, an lulluɓe ni da bargon maigidan. Na ba da haƙuri a gaban maƙwabta, da ƙarfi yadda na yi zargin, don wanda ya ji na farko ya ji na biyu. Dattijon ya ce ya wuce. Matar kuwa ta juya ta koma kan tukunyarta.

A hanyar dawowa ramukan sun fi na jiya zurfi, ko kuwa kaina ne. Aminina bai yi mini magana ba, sai dai duk mai tallar da ta leƙo ya ce mata, "Ɓoye kayanki, 'yata, ga hukuma nan."

Da la'asar na tara ƙanwata da mutanen gida na ba da rahoto. Na ce tafiyar ta koya mini cewa zarginmu kan mai tire a ka yake sauka, mai farar riga kuwa mu matsa masa wuri. Na ce kowa ya sa ido kan abin da yara ke tsotsa, don abin nan ba ya da kamannin mugunta, kuma saura ƙiris in zama sanadin 'yar mutane. Na kuma ƙara da cewa, in aka duba da kyau, aikin da aka aike ni ya yi nasara, tunda na tabbatar da gidan nan ba shi da aibi, da jikina ma na gwada.

Ina cikin wannan bayani wayar ƙanwata ta yi ƙara. Uwar yarinyar ce. Aka buɗe murya kowa na ji. Ta ce su ma sun yi nasu binciken tuni, yaro ba shi da abin zargi, sun ba shi, a turo manya a yi magana. Ƙanwata ta rangaɗa guɗa, yaron ya ruga waje. Na karɓe wayar na gyara murya.

"Madalla, Hajiya. To wace rana kuke so in dawo?"

"A'a, Baba, kai ai mun gan ka," ta ce. "A turo mana mai hankalin gidan, in kuna da shi."