Tawul Ɗin Da Kawu Ya Rataye

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah Ya yi wa Kawu rasuwa a asibiti, bayan ya yi wata biyar yana jinyar ciwon ƙoda. Shekara ashirin da biyu yana shirya wa ma'aikatan kamfaninmu tafiye-tafiye. Shi ne mai yankar tikiti, shi ne mai kama mana ɗaki a otal. Ba kawun kowa ba ne a cikinmu, amma haka kowa yake kiransa, har manaja. Ni ne na ƙara masa "Tawul" a kan sunan, kuma ba da kyakkyawar niyya na ƙara ba.

Kawu, da labarin ya iso mini na yi kuka, amma ba zan ɓoye ba, na kuma yi ajiyar zuciya. Ka huta da allurai da injin wankin ƙoda. Ni ma ka sauke mini wani nauyi kafin ka tafi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya zauna kusa da teburinka ya san yadda kake zaɓen otal. Ba ka yarda da hoton ganyen da otal ke sa wa a jikin talla don nuna yana kula da muhalli ba. Sai ka buga waya ka ce a haɗa ka da mai wanki. Ka gaishe ta, ka tambayi iyalinta, sannan ka ce, "Baiwar Allah, ruwan wankinku ina yake tafiya?" In ta ce da shi ake ban ruwan shukokin harabar, ka sa alama a littafinka. Daga nan ka nemi mai kwashe shara, ka ji ko robobin ruwa nawa yake kwasowa a rana, da inda ragowar abinci take ƙarewa. Otal mai amfani da hasken rana, mai sa ruwan sha a kwalbar da ake sake cikawa, wanda mutum zai taka da ƙafa ya isa wurin taro, shi ne naka. Mu kuwa muna ta ƙorafi a bayan idonka, don mun fi son mai bene goma da fitilu ko'ina.

Sau ɗaya ka taɓa gaya mana dalili. Ka ce a bayan katangar wani babban otal ka tashi. Famfon unguwarku ya ƙafe, mahaifiyarka tana zuwa nesa ɗebo ruwa, ta cikin katangar kuma kana jin ƙarar ruwa ana fesa wa ciyawa. Ka ce ba za ka tura mutum ya kwana a inda maƙwabta ke kwana da ƙishirwa ba.

Ba ruwa kaɗai kake tausayi ba. Direbanmu mai ciwon gwiwa bai taɓa hawa matakala ba, kullum ɗakinsa a ƙasa yake. Da sakatariya ta dawo daga hutun haihuwa, kai ka nema mata otal mai gadon jariri ba tare da ta roƙa ba.

To, ga laifina. Bara ka kama mini ɗaki na kwana uku. A banɗakin akwai wani ɗan kati, ban ko kalle shi ba. Ashe cewa yake yi: in ka rataye tawul, kana nufin ba ya buƙatar wanki, in kana son sabo, ka ajiye shi a ƙasa. Ni kuwa mahaifiyata ta hore ni, ba na yar da abin goge jiki a ƙasa ko a gidan wa. Kullum na yi wanka sai in rataye shi tsaf. Kwana uku tawul ɗaya. Na dawo raina a ɓace, na tsaya a tsakiyar taron ma'aikata na ce ka kai ni wurin ƙazamai, na ce tsufa ya kama ka, ka bar wa masu jini a jika aikin.

Ba ka ɗaga murya ba. Ka cire tabarau ka ce, "Ɗana, a ina kake ajiye tawul ɗin?"

Na ce, "A rataye mana, ni ɗan tarbiyya ne."

Ɗakin ya fashe da dariya. Da aka yi mini bayani, maimakon in ba ka haƙuri sai kunya ta zame mini fushi. Na laƙaba maka suna, na rubuta wa manaja takarda a sauya ka. Bai sauya ka ba, amma ka ga takardar. Na daina gaishe ka. Da ka kwanta ciwo kowa ya je duba ka, ni kullum sai in ce gobe. Gaskiyar ita ce tsoron idonka nake ji, kuma ina tsoron ka tafi da ni a ranka.

Ranar Litinin ɗin da ta gabaci rasuwarka aiki ya sake kai ni wannan otal ɗin. Mai karɓar baƙi ta miƙo mini mabuɗi da wata takarda, ta ce, "Wani dattijo ne ya bugo daga asibiti, muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce ya ji za ka sauka a nan, in rubuta maka wannan." Na buɗe, ga abin da ke ciki: "Ɗana, maganar nan da ke tsakaninmu na rataye ta tuntuni. Ba ta buƙatar wanki."

A nan gaban tebur na zauna a kan jakata. Na buga waya, matarka ta kara maka a kunne. Na ce, "Kawu, ka yafe mini." Ba ka iya magana ba, amma na ji 'yar dariyar nan taka. Matarka ta ce ka gyaɗa kai sau biyu. Washegari ka cika.

Littafinka yana nan a kan teburinka, manaja ya ce da shi za a ci gaba da aiki. Ni na roƙa a bar mini buga wayar, kuma jiya na yi magana da mai wanki ta farko. Na manta ban tambayi iyalinta ba, sai da na sake bugawa.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Allah Ya sa ciwon da ka sha ya zame maka kankarar zunubi, Ya shayar da kai yadda ka so maƙwabtan kowane otal su sha. Allah Ya ba matarka da 'ya'yanka da jikokinka haƙuri, da mu da muka saba da sallamarka a ƙofar ofis. Kamar yadda ka yafe mini tun kafin in roƙa, Allah Ya yafe maka.